Zuwa ga matan Maradi, a kan maganar yaye

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Ina gaishe ku daga Liyon ta ƙasar Faransa, da fatan an yi girbi lafiya.

Ɗiyata ta shiga wata na bakwai. Satin da na fara ba ta kunu da dafaffiyar kabewa sai kashinta ya sake: da rawaya ne mai ɗan tsami-tsami, yanzu ya yi duhu, ga wari irin na manya. Na buga wa Inna waya hankali tashe, ta yi dariya ta ce haƙori ne. Likitar yara kuwa cewa ta yi sababbin baƙi ne suka sauka a hanjinta.

Mu da mun ji an ce ƙwaya sai mu ce ta cuta, alhali cikin kowa cike yake da bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu yi masa aiki. A hanjin jariri mai shan nono, wata da ake kira Bifidobakteriya ce ke sarauta. Ikon Allah, a cikin nonon uwa akwai wasu nau'o'in sukari da yaro ba ya iya narkarwa, abincin wannan ƙwaya ne. Ita kuma tana tsamama hanji yadda masu kawo zawo ba sa jin daɗin zama. Da hatsi da wake da ganye sun fara shiga, sai wasu dangin su taso, masu cin dusa da zaren ganye, suna fitar da sinadarin da ke ciyar da bangon hanji. Ba sa gama zaunawa sai yaro ya kai wajen shekara 3.

Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2015 kan jarirai 98 ya nuna cewa cire nono ya fi fara abinci sauya cikin yaro. Nan ne na tuna yadda aka yaye ƙanena a gidanmu na Bagalam. Da asuba aka goya shi sai gidan kaka, ya kwana uku yana kuka, ana ɗura masa kunu tsararo. Sati bai zagayo ba zawo ya kama shi, aka ce kewar uwa ce. Kewar na nan, ban musa ba, amma an kori masu gadin gida tun masu karɓarsu ba su iso ba. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce nono zalla wata 6, sannan abinci tare da nono har shekara 2. Tsakanin nan akwai wata 18 na sabo a hankali.

Kuma kada a raina abincinmu. A 2010 an gwada cikin yaran ƙauyen Bulfon na Burkina Faso, masu cin hatsi da dawa da wake, da na birnin Fulorans a Italiya, aka tarar na ƙauyen sun fi yawan ire-iren ƙwayoyi masu narkar da dusa. Inda muke kuskure shi ne kunu kamar ruwa safe da yamma. A kaurara shi, a sa garin gujiya ko na wake, gobe zogale, jibi ƙwai. Kunun da ya wuni a rana ƙuda na bi, a haƙura da shi.

Ƙwayar maganin kashe bakteriya da ake saye wurin mai talla duk sanda yaro ya yi zawo kuwa, ba ta san na gida da ɓarawo ba, duka take kashewa. Ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zink su ne na farko, nono kuma kada a tsayar. In an ga jini ko yaro ya ƙi sha, sai likita.

Inna, in mai zuwa ya samu, a aiko min da garin kuka. Jiya jikarki ta ɗanɗana miyar kuka, ta riƙe cokalin ta ƙi saki.

Ɗiyarku da ke Liyon