A ƙasar masu wuta nake neman soket

Wutar da muke kunnawa a Damagaram daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina. Wanda bai san haka ba, watan Agustan 2023 ya koya masa, lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, gari ya koma hannun janareto da fitilar hannu. Ni kuwa abincina a cikin kwamfuta yake. Ana turo mini takardu da muryoyi na Faransanci in mayar da su Hausa, wani lokaci daga Hausa zuwa Faransanci. Masu ba ni aikin wasu suna Dakar, wasu suna Faransa, kuma ba wanda ya damu da inda nake zaune muddin na miƙa a kan lokaci. Da Kawu ya ce in taho Abuja in zauna wurinsa, sai na ga ai gara mai ƙishirwa ya matsa bakin rijiya da ya tsaya jiran ɗan garuwa. Ko da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024 aka maido mana da wutar, zuciyata ta riga ta tashi. Na biyo ta Magariya, na kwana Kano, na wuce.

Har yau in Inna tana ba maƙwabta labarina, cewa take "yana Abuja", kuma na san hoton da ke kanta: Masallacin Ƙasa da ƙubbarsa mai ruwan zinariya, tituna kamar an share da tsintsiyar hannu. Ban taɓa gyara mata ba. Kawu a Kubwa yake, can wajen Byazhin inda kwalta ta ƙare, da rani ƙura, da damina taɓo. Kasuwancinsa a Dei-Dei ne, kayan gini yake sayarwa, yana fita bayan asuba sai magariba. Gida ne na mutunci, matarsa ta riƙe ni kamar ƙaninta. Sai dai wuta. Takan zo tsakar dare kowa na barci, kafin a idar da sallar asuba ta tafi abinta. Ashe a nan wutar ma aji-aji ce. A watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin 'yan ajin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit, mutane suna ta kuka da tsada. Mu a layinmu da za a ba mu irin wannan kukan da mun karɓa da hannu biyu. Kawu yana da ɗan ƙaramin janareto, yana tayar da shi daga magariba zuwa bayan isha'i saboda yara. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 fetur ya zama abin lallaɓawa, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Da wane baki zan ce wa mutumin da nake ci a gidansa ya ƙona mini mai wuni guda?

Haka na fara yawon neman kujera.

A cikin gari ba a rasa ba. Wuse 2, Maitama, Jabi, akwai gidajen kofi masu sanyin na'ura, kowane teburi da soket a gefensa, samari da 'yan mata kowa ya duƙufa kan kwamfutarsa ba mai kallon wani. Ranar da na fara shiga irinsu na ji daɗi har na ɗauki hoto na tura wa 'yan fadarmu, wato abokan zaman shayinmu na gida. Amma zuwa can shi ne aikin. Da safe duk Kubwa gari take nufa ta babban titi ɗaya, da yamma duk ta juyo. A mota fasinja biyu a gaba huɗu a baya, jakata a kan cinya na rungume ta, ga gargaɗin Kawu yana yawo a kunnena: kada in shiga motar da ban ga ta tsaya a tasha ba, saboda 'yan fashin da ke shigar direba da fasinja. In ka sauka kuma babu kabu-kabu a tsakiyar gari, an hana tun 2006, sai ƙafa ko tasi. Da na haɗa kuɗin mota da na kofi da na abin taɓawa, sai na ga rabin abin da na samu a ranar a hanya na bar shi.

Na dawo na laluba Kubwa kanta. Gidajen cin kaza da shinkafa na bakin titin Gado Nasko suna da wuta, amma kiɗa ba ya tsayawa, talabijin na ta nasa surutun, wasu kuma sun liƙe soket ɗin da salatif don kada ma ka yi sha'awa. Shagunan buga takardu na kusa da sansanin masu yi wa ƙasa hidima, janareto a bakin ƙofa yake, in ana magana da kai a waya sai dai ka yi ta cewa a maimaita. Falon otal shi ya fi kowane shiru da safe, ba kowa sai mai goge-goge. Na ɗan more shi, har ranar da Kawu ya kira ni gefe bayan isha'i ya ce, "Ɗana, wani ya ce ya gan ka kana shiga otal da hantsi. Ni na san ka, amma mutane ba su san ka ba." Daga ranar ban koma ba.

Sai na samu wani wuri a Gwarimpa. Ba nisa sosai, ba ka shiga cunkoson gari, akwai faranti mai amfani da hasken rana a kan rufi, don haka in an ɗauke wuta fanka ma ba ta sani ba. Na riƙa zuwa ranakun da nake da magana ta bidiyo. Kuma ina saye, wallahi ina saye. Shayi da safe, abinci da azahar, ruwa a tsakani.

Ranar da abin ya faru ina sanye da farin kaftani da hula, don Juma'a ce. Ina cikin magana da wata mata a Faransa kan wani aiki babba da take so ta ba ni, abin sauraro a kunne, sai na ji an tsaya a kaina. Mai gadin wurin ne, dattijo, ya ɗan rusuna. Na ce wa matar ta dakata kaɗan.

"Malam, ka gafarce ni," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Oga ya ce in ka gama cajin, a ba wasu wuri."

Caji. Wato duk zaman da nake yi, a idonsu wani ne ya shigo daga titi ya laɓe yana cajin kaya. Na duba teburin da ke kusa da ni. Wasu samari biyu ne da wandon jins, tun safe kwalbar ruwa ɗaya ce a gabansu, ba wanda ya je kansu. Na duba inda ogan yake, yana can bayan kanta yana latsa waya, bai ma ɗago ba. Bai ga ya dace ya zo da kansa ba, bai turo mai kawo abinci ba. Mai gadi ya turo, don a ganinsa ni da mai gadi harshenmu ɗaya.

Kuma gaskiyarsa, ɗaya ne. Daga jin yadda dattijon ya furta maganar na san ba Bakano ba ne, ba Bazazzagi ba. Na ce, "Baba, daga ina?" Ya ce, "Mirriya." Mirriya da ke nan bayan gidanmu, inda Inna take da dangi. Da na ce masa ni ɗan unguwar Birni ne a Damagaram, sai ya kama haɓa, ya kasa haɗa ido da ni. "Subhanallahi. Ɗana, aike ne, ba yadda zan yi." Ni da shi muka tsaya kowa yana jin kunyar ɗan'uwansa, ga mata a allo tana jira, tana ganin rabin fuskar dattijon a bayana.

Abin da ya fi ci mini rai, ina da amsa. Ina da ita da Hausa, ina da ita da Faransanci, mai kyau, wadda za ta zaunar da mutum. Da Ingilishi ne ba ni da ita, kuma shi ake ji a wurin. Na yi jami'a a Damagaram, na fassara takardun da ogan nan ko sunansu ba zai iya karantawa ba, kuɗin da ake biyana daga Turai suke zuwa, amma abin da ya fito daga bakina bai wuce in nuna rasit ɗin abincina ba. Na ƙarasa maganar da matar a tsaye a waje, kwamfuta a kan bayan wata mota, rana na dukana. Aikin dai na same shi, alhamdulillahi. Amma watanni sun shuɗe, har yanzu in na kwanta nakan tsinci kaina ina shirya jimlar da ya kamata in faɗa.

Kawu da na ba shi labari dariya ya yi. Ya ce a nan in an ce ɗan Nijar, mai gadi ake gani, ko mai shayi, ko mai tura ruwa, kuma ba abin kunya a cikinsu ko ɗaya, shi ma da dakon siminti ya fara. Na yarda. Na kuma yarda mai wuri yana da hakkin kujerarsa, batir da gas ba kyauta ake ba shi ba. To ya rubuta a bango mana, cewa zama awa kaza kuɗi kaza, ya hau kan kowa. Abin da ban yarda da shi ba, a duba hular mutum a yanke masa hukunci.

A gida ba a sayar da zama. Fadarmu tana gindin wani bedi a bakin layi, tabarma biyu da benci, gawayi na ci a ƙaramin murhun waya tun la'asar. Baƙo in ya yi sallama shi ake fara miƙa wa kofin farko, mai ɗacin, zai zauna har na uku mai zaƙi ba wanda zai tambaye shi me ya kawo. A nan na rubuta rabin kundin kammala karatuna, ana musun ƙwallo a kaina. A lokacin haushi suke ba ni da surutu. Yanzu muryoyinsu da suke turowa a WhatsApp nakan saurara sau biyu.

Yanzu dai na samu yadda nake yi. Ranar da nake da bidiyo ina zuwa wani ofishin haya na haɗaka, inda ake biyan kuɗin teburi na wuni tun daga ƙofa, a ba ka lambar intanet, shi ke nan ba mai zuwa kanka. Na fi son haka nesa ba kusa ba, ciniki a fili. In lokacin zafi ne a Turai, Faransa tana gabanmu da awa ɗaya, Dakar kuma kullum tana bayanmu da awa ɗaya, don haka nakan jera maganganun duka tsakanin hantsi da azahar in biya kuɗin rana guda. Sauran ranaku ina wajen Arab Road a nan Kubwa, a shagon wani tela Bakano da ya sa faranti da batir saboda kekunansa. Ya ba ni lungu da ɗan teburi, ina ba shi wani abu duk wata, ya ƙi karɓa sai da Kawu ya sa baki. Layin waya biyu nake riƙewa, in wannan ya yi nauyi in koma wancan. Ƙarar keke ba ta hana ni rubutu. In an kira salla in bar komai a buɗe mu tafi masallaci tare, yaron shago yana gani, abin da ban taɓa iyawa ba a gidan kofi, inda sai na naɗe waya da caja na saɓa jaka kamar mai ƙaura, in dawo in tarar wani ya zauna. Ga mai shayi a gefe, mutumin Tawa, da ya gane inda na fito ya daina tambayata yawan sukari. Dattijon Mirriya ma yakan leƙo ran hutunsa. Ni nake rubuta masa saƙo in zai aika kuɗi gida.

Gidan ne dai ba ya barin mutum. Inna ba ta iya rubutu ba, sai murya, kuma ba ta san gajartawa ba. Za ta fara da gaisuwa, ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi wanda ya rasu da wadda ta haihu, sannan ta zo kan ruwa, don a Damagaram in zafi ya shigo maganar kowa ke nan: famfo ya kwana nawa bai zo ba, jarka ta kai nawa. Daga nan sai bikin ƙanwata, da aka sa bayan babbar salla. Gado da katifa a kaina suke, Baba ya tsufa, shagonsa na kasuwar Dole yanzu sunan shago ne kawai. Ranar nan ta ce, "Ka rame a hoton nan. Ba sa ba ka fura ne?" Na ce ana ba ni. Ban gaya mata furar nan da cokali ake sha a roba, mai sanyin firji ba. Ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in dai kula da kaina. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a ranar 29 ga Janairun 2025 take tambayata ko za a kore mu, ina ce mata an sanar cewa takardunmu suna nan da aikinsu, shige da fice bai canza ba, amma duk sati sai ta sake tambaya.

Ga kuma autanmu. Ya gama sakandare, ya ga hoton nan da na tura na gidan kofi, ya ɗaga hankalin kowa shi ma Abuja zai zo ya yi aikin kwamfuta kamar Yaya. Kawu ya ce ya zo, akwai aikin rubuta rasit a Dei-Dei. Yaro ya ce shi ba rasit ya yi wa karatu ba. Inna kuma ta ce ba za ta ba Najeriya 'ya'ya biyu ba. An bar maganar sai na je biki.