Gaɓar tashar Gore, da lokacin da aka yanka mana

Duk wanda zai je tsibirin Gore, wanda ke gaban birnin Dakar na ƙasar Senegal, ina roƙonsa kada ya bari wani ya yanka masa lokacin komowa. Ina faɗin haka da sauran zafi a raina, domin mu an yanka mana, kuma wanda ya fi cutuwa a cikinmu dattijo ne wanda ba na jin zai sake samun hanyar zuwa ƙasar.

Taron malaman makaranta ne ya kai mu Dakar a cikin watan Fabrairu, wasu daga Maraɗi, wasu daga Damagaram. Da aka kammala, sai muka haɗa kuɗi muka ɗauki wani ɗan jagora da ya same mu a masauki, ya ce zai kai mu Gore ya komo da mu. A cikinmu akwai wani tsohon malami da ya kusa ajiye aiki, wanda dukanmu muke kira Baba. Tun a mota ya faɗa mana abin da ya kawo shi, kuma abu biyu ne kawai. Yana so ya ga ginin makarantar horon malamai ta William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 har zuwa ƙarshen shekarun 1930, inda manyan 'yan siyasar Nijar Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Sa'an nan yana so ya tsoma ƙafarsa a teku, domin tun da yake bai taɓa yi ba. Ɗan jagoran ya ji wannan magana da kunnensa, ya kuma ce babu damuwa.

Ƙetarawar ba ta wuce minti 20 ba. Jirgin ruwan yana zagaya ganuwar Estrées, wadda Faransawa suka gina a shekarun 1850 a ƙarshen tsibirin ta arewa, sai tashar ta bayyana gaba ɗaya: gadar sauka, kwalekwalen masunta masu fenti kala-kala, gidaje ja da rawaya da furanni suka lulluɓe katangunsu, da wani ɗan yashi mai haske a tsakiya wanda tsawonsa bai fi filin ƙwallon makarantar firamare ba. Yara suna iyo a gefen jirgin, suna nutsewa su ɗauko silallan da baƙi ke jefawa. Baba ya kama ƙarfen jirgin yana kallon yashin nan. Da muka sauka ya nufi wajen, sai ɗan jagoran ya ce a bari sai an dawo, tun da ta nan za mu biyo.

Mun shiga Gidan Bayi, wato gidan tarihin tunawa da cinikin bayi, kuma ba ni da ƙorafi a kan wannan, domin ba a zuwa Gore a tsallake shi. Mun ga ɗakunan ƙasa masu duhu da ƙofar nan da ke buɗewa kai tsaye kan teku, muka fito babu mai magana. Mun hau tudun Castel inda manyan bindigogin Faransawa suke har yau. Abin da ya biyo baya shi ne ya ɓata mini rai. Daga saukowa tudun, sai aka riƙa shigar da mu rumfa bayan rumfa, wajen masu zanen yashi da masu sayar da duwatsun wuya da riguna, a kowace rumfa kuma ɗan jagoran yana komawa gefe da mai kayan. Ban ga laifin masu sana'ar ba, abincinsu suke nema, kuma aikin wasunsu yana da kyau ƙwarai. Amma lokacin da aka kashe a rumfunan nan ya ishi Baba ya ga makarantarsa ya kuma zauna a bakin ruwa. Ana cikin haka jirgi ya yi ƙara daga tasha, ɗan jagoran ya ɗaga murya ya ce wannan shi ne jirgin ƙarshe, wanda ya rasa shi zai kwana a waje. La'asar ko sakaliya ba ta yi ba.

Na ce wa Baba, “Baba, ga ruwan nan kusa, ko takalmi ka cire ka taɓa shi.” Ya dubi jama'a suna rububin shiga, ya ce, “Bari dai, ɗana, kada mu zama mu ne muka tsayar da mutane.” Ya wuce yashin da bai fi taku ashirin daga gadar ba, ya shiga jirgi.

Ni na tsaya a baya ne domin in biya wata mata kuɗin zoɓon da muka sha. Da ta ga ina rawar jiki wajen ƙirga canji, ta tambaye ni da Faransanci ina nake sauri. Na ce jirgin ƙarshe. Ta yi dariya, ta nuna mini allon da aka rubuta lokutan jirgi, ga su nan a jere har bayan isha'i da nisa. Mutanen tsibirin da yawa a Dakar suke aiki, in ji ta, da wane jirgi za su komo gida idan na la'asar ne na ƙarshe? Kafin in juya in kira Baba an riga an janye tsani. Na buga masa waya, amma jirgi ya ɗaga, kuma washegari da asuba jirginsa na sama zai tashi zuwa Yamai.

Abin da na gani bayan tafiyarsu shi ne ya mayar da takaicin nan abin da na kasa mantawa. Cikin ƙanƙanin lokaci tashar ta sauya. Masu talla suka tattara kayansu, masu gidajen abinci suka zauna a kujerun da baƙi suka bari, hayaniyar harsuna ta ɗauke. A Gore babu mota ko ɗaya, saboda haka idan baƙi suka tafi ba abin da ake ji sai ruwa yana taɓa yashi yana komawa, da muryoyin yara, da kukan tumaki daga cikin lunguna. Masunta suka fara jawo kwalekwale kan tudu, mata suka zo da robobi suna ciniki a kan kifin da bai daina motsi ba, kyanwoyi suna zagaye da su. Wasu samari suka kafa duwatsu suka fara ƙwallo a ɗan filin da ya rage, wasu dattawa kuma suka hura gawayi suka ɗora shayi a gindin katanga. Da na yi musu sallama suka matsa mini wuri, ba wanda ya nemi ya sayar mini da kome. Can nesa manyan jiragen dakon kaya suna tsaye suna jiran layin shiga tashar Dakar.

Ruwan wurin kwance yake, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga yadda igiyar ruwa ke dukan gaɓar Dakar ta ɓangaren yamma. Tsibirin bai kai kilomita ɗaya a tsawo ba, faɗinsa kuma kimanin mita 300 ne, kusan duk kewayensa baƙin dutse ne da ruwa ke bugu dare da rana, har ma yana cin ƙasar ta wajen tsohon masallacin da ke gindin tudu. Wannan ɗan lungu na arewa maso gabas shi kaɗai ne ya juya wa babban teku baya, shi ya sa yashi ya samu wurin kwanciya, jirgi kuma ya samu wurin tsayawa lafiya. Saboda lungun nan ne Turawan Fotugal, waɗanda suka iso a 1444, da na Holan da na Ingila da na Faransa suka yi ta karɓe tsibirin daga hannun juna, Faransa kuma ta fara kama shi ne a 1677. Da babu tashar, da babu ganuwa, da babu gidajen fatake, da babu Gidan Bayi. Ɗan jagoranmu ya ɗauke ta hanyar wucewa kawai, alhali kuwa ita ce asalin garin, kuma a zaune kan yashin ne mutum yake gane hakan da idonsa.

Ba zan ɓoye ba, da farko zaman ya yi mini nauyi. Mutum ya fito daga ɗakunan da aka tsare 'yan Adam kamar kaya, sa'an nan ya zo ya miƙe ƙafa yana shan iska a inda jiragen suka tsaya, sai ya ji kamar bai kyauta ba. Masana tarihi suna da saɓani a kan yawan bayin da suka bi ta Gore, amma ba su da saɓani a kan cewa an yi cinikin a nan, kuma saboda tunawa da shi hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne kallon mutanen garin. Mutum fiye da dubu ne ke zaune a tsibirin, a nan ake haifarsu, a nan suke sallah da zuwa coci, a nan 'yan matan makarantar kwana ta Mariama Bâ suke karatu, kuma a nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatan Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Faransa a 1914. Wanda aka zagaya da shi cikin gaggawa yana komawa da rabin labari, yana zaton Gore kabari ce da kasuwar tsaraba. Baba ma da wannan rabin ya koma, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa a cikinmu cancantar ya ga sauran.

Na naɗe wando na shiga ruwan har gwiwa, sai na ji sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Ban yi tsammanin haka ba a ƙasar da rana ke da ƙarfi. Dattawan shayin suka bayyana mini cewa daga wajen Disamba har zuwa Afrilu ko Mayu ruwan Dakar sanyi gare shi, domin iskar arewa tana kore ruwan da ke saman teku, na ƙasa mai sanyi ya taso, kuma shi ne ke kawo yawan kifi. Ruwan ba ya ɗumi sosai sai da damina, daga Yuli zuwa Oktoba. Sai dai a lokacin ne makarantu ke hutu, matasan Dakar kuma sukan cika jirgi su zo wanka, musamman Asabar da Lahadi, har a rasa wurin sa ƙafa a yashin. Saboda haka wanda yake son iyo ya zo da damina ya haƙura da cunkoso, wanda kuma shiru yake nema ya zo da rani a tsakiyar mako ya haƙura da sanyi. Ga irinmu da ba mu tashi kusa da ruwa ba, shawarata ita ce a tsaya inda yara ƙanana suke wasa, a nisanci gefen gada inda jirgi da kwalekwale ke shige da fice, kuma kada a taka duwatsun gefe ba takalmi, domin suna da santsi, akwai kuma wasu halittu masu ƙaya da ke maƙale a jikinsu.

Kafin magariba na tambayi inda tsohuwar makarantar William Ponty take, wani yaro ya raka ni. Tafiyar ba ta kai minti 5 daga yashin ba. Wannan ne ya fi kome ƙona mini rai, domin mun bi ta kusa da wurin da rana ba a ko nuna mana ba. Ginin ya tsufa, ba shi da wani ado, amma ta ƙofarsa Houphouët-Boigny na Kodebuwa da Modibo Keita na Mali, shugabannin farko na ƙasashensu, suka bi, tare da namu na Nijar. Na ɗauki hotuna na aika wa Baba. Ya amsa da godiya da addu'a, bai ambaci ɗan jagoran ba ko sau ɗaya, kuma haƙurin nasa ya fi ƙorafi ciwo a wurina.

Gore ba ta bukatar a ɗauko mata jagora daga cikin birni. Mutum ya je tashar jirgin da ke cikin babbar tashar ruwa ta Dakar da kansa, ya riƙe fasfo ko katin shaida, domin ana dubawa, kuma kuɗin tikiti ya bambanta tsakanin 'yan ƙasa da sauran 'yan Afirka da baƙin wasu nahiyoyi. Mu 'yan Nijar ba mu da wahalar canji, tun da sefa ɗaya muke kashewa da su. Abu na farko da zai yi, tun kafin ya shiga jirgi, shi ne ya ɗauki hoton allon lokutan tafiya da komowa, domin da hoton nan yana cikin wayar ɗaya daga cikinmu da ba wanda ya isa ya tsorata mu da kwana a waje. Idan yana son mai yi masa bayani, akwai 'yan tsibirin da ke wannan aiki a bakin gada, sai a yi ciniki tun farko a kuma faɗa musu abin da ake son gani. Gidan Bayi ba ya buɗewa ran Litinin, kuma yana rufewa da tsakar rana, saboda haka a fara da shi. Sayen tsaraba a bar shi can ƙarshe, ga wanda ya ga dama.

Idan a cikin tafiyar akwai dattijo ko wani wanda ya faɗi abin da ya kawo shi, a fara biya masa bukatarsa tun ana sauka, kada a yarda da “sai an dawo”. Ni na yi sallar magariba a masallacin gindin tudu, na ci shinkafa da kifi a ɗaya daga cikin gidajen abincin bakin yashin, na bi jirgin bayan isha'i tare da ma'aikatan da suka tashi daga aiki, kuma ko shi ba shi ne na ƙarshe ba. An gaya mini akwai ƙananan masaukai a tsibirin ga mai son kwana, kuma idan Allah ya sake kai ni, kwana zan yi.