Firizar da na saya da kuɗin korona

Ranar Talata bayan la'asar ina zaune a shagona a unguwar Nima da ke Accra ina lissafi, sai ɗan ƙanwata da ke taya ni tsaro ya faɗo da waya a hannu. Wai an kwashi mutum biyu daga gidan bayan kwata zuwa asibiti, amai da gudawa. "Kawu, mu kira mai mota ya sauke mana piya wata, ruwan leda, jaka ɗari yau ɗin nan, gobe mu ƙara kuɗi. Kowa zai guji ruwan famfo." Kafin in buɗe baki ya ce har ya ɗauki hoton ƙofar gidan, zai tura a guruf ɗin unguwa don mutane su yi hattara. Na fizge wayar, na daka masa tsawar da sai da mai koko ta leƙo. Da ya fita na zauna jikina yana rawa, domin maganar da ya yi tawa ce ta shekarar 2020.

Ku da kuke 'yan makaranta a lokacin, hutu kuke tunawa. Ranar 12 ga Maris aka tabbatar da mutum biyu na farko masu korona a Ghana. Ranar 15 aka hana taro, aka rufe masallatai da coci da makarantu, jana'iza ma ba a wuce mutum 25. Daren Juma'a 27 ga wata Shugaba Akufo-Addo ya ce daga Litinin 30 za a kulle Accra da Kumasi. Asabar da Lahadin nan kasuwa ta koma kamar jajibirin sallah. Na kwashe duk abin da na tara na zuba a gari da shinkafa da suga, na ninka kuɗin olonka, gwangwanin da muke awo da shi, na rufe littafin bashi na jefa a ƙasan kanta. Mutanen da muka yi shekara goma muna sallah sahu ɗaya suka zo, na ce musu babu bashi.

Kar ku ɗauka mugunta ce zalla. Baki bakwai nake ciyarwa. Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon suga, kuma kullum rediyo yana cewa irinsu cutar ta fi kayarwa. Muna ganin akwatunan gawa a Italiya ta talabijin. Masu kawo mini kaya su ma sun ƙara kuɗi. Wa ya san mako uku kullen zai yi? Har gobe ina cewa wanda ya tanada wa iyalinsa abinci bai yi laifi ba. Amma ni ba a tanadi na tsaya ba, kuma na sani.

Akwai wata yarinya 'yar kayayo, wato mai dakon kaya, daga wajen Walewale a arewacin Ghana. Shekara uku tana ɗauko mini kaya daga kasuwa a kwanonta, da goyo a baya, dare ya yi ta shimfiɗa kwali a barandar shagona. Ba ta taɓa ɗaukar mini ko kwalin ashana ba. Safiyar Lahadi ta zo ta durƙusa ta ce, "Alhaji, gari olonka ɗaya, in an buɗe gari zan biya." Tana cikin magana tari ya sarƙe ta. Tari ɗaya. Na ja baya na rufe hanci da hula, na ce ta kwashe kwalinta ta bar mini baranda. Ɗan da ke bayanta yana miƙo hannu ga biskit ɗin da ke rataye, ya saba ina ciro masa. Ban tsaya nan ba, na yi saƙon murya na tura wa 'yan layinmu cewa a kiyayi yarinyar nan, tana da alamar cutar. Ni ba likita ba, babu wanda ya gwada ta. Daren nan duk barandar da ta nufa an kore ta.

Bayan haka aka ba da labarin an tare motocin kaya a Ejisu kusa da Kumasi, an samu 'yan kayayo ɓoye a ciki da 'ya'yansu suna neman tsere wa yunwa su koma Walewale. Na kashe rediyon. Ban sake ganinta ba.

Gwamnati ta yafe kuɗin ruwa na Afrilu da Mayu da Yuni. Ina da famfo a gida, na ci gaba da karɓar kuɗin bokiti har sai da limaminmu ya aiko ɗansa ya ce in ji tsoron Allah. Na daina, amma da gunaguni. Ranar 20 ga Afrilu aka ɗage kullen, kwana kaɗan azumi ya kama, masallatai na rufe, Babban Limamin ƙasa Sheikh Sharubutu ya ce a yi sallah a gida. Ni na ja wa iyalina asham a tsakar gida, kuma a sujada ne yarinyar ta riƙa faɗo mini a rai. Da na yi asara da na ce Allah ya kama ni, in samu sauƙi. Riba na ci. Da kuɗin na sayi firizar da ke shagon yanzu, wadda yaron nan yake so ya cika da ruwa ya tsawwala wa mutane.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, amma abin bai kai haka ba. Kar ka ɗora sunan kowa ko ƙofar gidan kowa a waya. Wannan ne ya fi cin raina da ku 'yan yanzu, mutum na mutuwa kuna neman inda haske ya fi kyau ku ɗauki bidiyo. Ko da yake wa ya koya muku? Saƙon muryata ya riga naku.

Ka san cutar kafin ka ji tsoronta. Kwalarar da ta ɓulla a yankin Ada a Oktoban 2024 ba baƙuwa ba ce, a 2014 ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar nan, mafi yawa a Accra. Ta gurɓataccen ruwa da abinci take bi, ba ta gaisuwa ko kallo ba. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya ana hanyar asibiti. Bokitin Veronica, mai famfon wanke hannu, da muka jera a ƙofofi a 2020 muka watsar, ku fito da shi ku sa sabulu. Kuna da intanet a aljihu, amma ɗan ƙanwata bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, farashin jaka kawai ya sani.

Ka kare gidanku tukuna. Ban ce ka zama gwarzo ba, kar ka wanke kayan mara lafiya da hannu tsirara, kar ka rabar da jarinka har ka wayi gari kana bara. Amma kuma in wanda ka sani ya durƙusa a gabanka yana neman olonka ɗaya, ka ba shi, ko jarin zai taɓu. Na san maganar biyu ba su haɗu ba. Ni ma shekara huɗu ke nan ina juya su.

Da magariba yaron ya dawo yana cin magani. Na mayar masa da wayarsa bayan ya goge hoton a gabana. Na ce ya ciro jaka biyar daga firiza, ya haɗa da suga da gishiri da sabulu, ya kai gidan bayan kwata, ya gaishe su da jiki, ya wanke hannu in ya dawo. Ya ce, "Kawu, a rubuta a littafi?" Na ce kar ya rubuta. Ya ɗora a ka ya tafi yana ƙunƙuni, ni kuma na tsaya a barandar ina kallonsa har ya sha kwana.