Darasin da Na Koya Ni Kaɗai

Makon jiya na ga wata matashiyar ungozoma ta ɗauko allurar oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta tsuke don jini ya tsaya bayan haihuwa, daga durowa, ta jujjuya ta, ta mayar, ta je firji ta ɗauko wata, ba ta ce wa kowa uffan ba. Sai na ga kaina shekara 20 da suka wuce.

Wata mai haihuwa ta taɓa ɓallewa da jini a hannuna, na yi mata allurar durowa har sau biyu mahaifa ba ta tsuke ba, sai da na samo wadda aka adana cikin sanyi jinin ya tsaya. A daren na gane cewa zafi yana rage ƙarfin maganin, wanda ya kamata a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na koya, amma ni kaɗai. Ban faɗa ba lokacin miƙa aiki, ban sa a rahoton wata ba, don haka abokan aikina suka ci gaba da buɗe durowar, sito ya ci gaba da turo magani ba ƙanƙara, ma'aikatar lafiya kuwa ba ta ji labari ba, balle ta gyara tsarin rabo. Ina iya cewa tsoro ne, domin a lokacin duk wanda ya kai ƙorafi shi ake fara tuhuma, ga shi ina da yara. Wannan gaskiya ce. Sai dai ina jin daɗi idan aka ce hannuna yana da sa'a.

Tun 1952 Ingila take binciken sirri kan mutuwar mata wurin haihuwa ba tare da bayyana sunan ma'aikaci ba, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar bibiyar irin wannan mutuwa, domin abin da aka gani a ɗaki guda ya kai ga masu tsara manufa. Ku matasan ungozomomi, kun tarar da hanya a share, amma kun fi son hoton takardar shaidar bita.

Ku faɗa wa wadda za ta karɓe ku aiki abin da kuka lura da shi, kafin ku ɗauki jaka. Ku rubuta. Kada kuma ku dogara da rubutun, domin na sha ganin rahoto ya shekara a kan tebur. Ku bi shi da ƙafa, ko da za a ce kun cika ƙaƙale.

Da na tambayi yarinyar dalilin shirunta, cewa ta yi ai kowa ya sani. Na buɗe durowar, na ƙirga allura 14.