Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a hanyar dutse

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdulillahi an sallami ƙanena daga asibiti bayan faɗuwar da ya yi da keke, yana gida yana samun sauƙi. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne ya karye, karayar da mahaya keke suka sani sarai. Kansa lafiya ƙalau, hular kwanon ce ta dare gida biyu.

Ga masu tambaya, a gangaren hanyar burjin da ta zagaya bayan dutse ta dawo gari abin ya faru. Hawan bai ba mu wahala ba. Saukowar ce matsala, domin ruwan sama ya tara tsakuwa a bakin wata kwana, tayar gaba ta zame, sai ganinsa muka yi a ƙasa. Tayoyinsa masu faɗin milimita 40 ne, ya kuma rage musu iska yadda ya kamata, amma tsakuwar da ba ta zauna ba ba ta san wannan ba.

Godiyata ta farko ga mahayan nan biyu da suka tarar da mu. Ba su san mu ba, suka jingine kekunansu suka tsaya. Ɗayar ta hana mu ɗaga shi sai da ta tabbatar yana motsa yatsun hannu da na ƙafa, wuyansa kuma ba ya ciwo. Sannan ta ɗauko tsohon tub ta rataye masa hannun a ƙirji, ta cire rigar ruwanta ta lulluɓe shi. A lokacin ban ga dalilin rigar ba, ga rana tana dukan mu. Ashe duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5, mutum kuma ya jiƙe da gumi ya daina motsi, ga iskar saman dutse. Kafin a jima haƙoransa sun fara kaɗawa.

Abokin tafiyarta shi ya sake hawa tudun da muka sauko, don babu sabis a cikin kwarin, sai can sama ya samu ya kira taimako. Wanda ya taɓa taka feda a wannan hawan ya san ba ƙaramin abu ya yi mana ba.

Sai Baba mai a-kori-kura, wanda ya sauke kayansa a gefen hanya ya ɗauke mu. Ya riƙa tafiya a hankali kan gargada, duk ramin da zai shiga sai ya waiwayo ya ce, “Yi haƙuri, yaro.” Baba, na miƙa maka abin mai ka ture hannuna. Allah ya biya ka da abin da ya fi.

Ina kuma gode wa masu sa kai da suka zana taswirar hanyoyin nan, suka nuna inda ruwan sha yake da inda sabis ke ɗaukewa. Ba don ita ba, da ba a san tudun da za a hau ba. Roƙona ɗaya, a ƙara alama a wannan kwanar.

Ma'aikatan asibiti, da masu kira da masu addu'a, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

'Yar'uwa mai rigar ruwa, rigarki tana wurina an wanke. A cikin ruɗani ban karɓi lambarki ba. Duk wanda ya san ta don Allah ya isar mata.