Dala 8,000 ɗin Alhaji

Makon jiya na ajiye aiki a ofishin cike takardun haraji da na daɗe a cikinsa a Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka. Ina kwashe kayan durowata na ci karo da fom 5405, na neman tallafin sayen gidan farko, guda ɗaya da ba a cike ba, gefensa har ya koɗe. Tun 2013 yake nan, kuma da gangan na ajiye shi.

Duk wanda ya yi wannan aiki a kakar 2010 ya san yadda aka sha. Zamanin Obama ne, wanda ya sayi gidansa na farko a 2009 ana ba shi kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan, iyakarsa dala 8,000, kuma ba zai mayar ba muddin ya zauna a ciki wata 36. Sai dai ba a tura irin wannan takarda ta intanet. Dole a buga ta, a haɗa da takardar kammala ciniki ta HUD-1, a kai gidan waya. Oganmu ba ya ƙaunar wannan ko kaɗan, domin kafin ka gama ɗaya ka sallami mutum uku.

A cikin wannan rububi wani dattijo ɗan Maraɗi ya shigo, direban babbar mota. Ya zaro takardunsa daga leda, ya ce, "Ɗana, na sayi gida bara, an ce akwai abin da gwamnati ke bayarwa." Na tambaye shi ko ya taɓa mallakar gida. Ya ce ya gina ɗaya a Maraɗi, mahaifiyarsa ce a ciki. Na leƙa ofishin oga, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Mai gida ai ba sabon mai saye ba ne, wuce wurin." Na dawo na ce, "Alhaji, sai haƙuri, ba ka ciki." Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya biya kuɗin aiki, har ya sa mini albarka.

Abin da dokar ta ce yana cikin bayanin fom ɗin, a gabana: kada mutum ya kasance ya mallaki gidan da shi kansa yake zaune a ciki cikin shekara 3 kafin sayen. Alhaji haya yake yi a Amurka fiye da shekara 10. Gidan Maraɗi bai hana shi komai ba. Ban karanta ba, na ɗauki maganar oga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙofar gyara a buɗe take. Da fom 1040X ana iya gyara takarda a karɓi kuɗin har shekara 3, wato zuwa tsakiyar Afrilun 2013. Na yi wa mutane da yawa irin wannan gyara, ban taɓa tunawa da shi ba. Ya dawo a watan Yuli na 2013, bayan wani abokin aikinsa mai gida a Zinder ya gaya masa shi ya karɓa. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, da ka duba mini." Oga kuwa ya ce sa hannun Alhaji ne a ƙasan takardar, kuma ni na cike, shi babu ruwansa. Har na bar ofishin bai taɓa cewa ya tuna da amsar da ya ba ni ba.

Daga ranar ban ƙara ce wa kowa "ba ka ciki" ba sai na buɗe bayanin na sa yatsa a kan layin. Sabbin ma'aikata suna cewa ina da nawa. Ban taɓa jin haushi ba. Na kuma koyi tambayar ranar da aka kammala ciniki, domin tallafin gidan da aka saya a 2008 dala 7,500 ne kuma bashi ne, an riƙa mayar da 500 duk shekara daga takardun 2010 zuwa na 2024. A tambayi matar ma, don idan ita ta mallaki gidan zama, duka biyun sun fita.

Alhaji bai sauya ofis ba, wurina yake zuwa kowace Fabrairu da ledarsa. Ban sake karɓar kuɗin aiki a hannunsa ba, daga aljihuna nake zubawa a asusun ofis. Na gaya masa zan tafi, ya tambayi inda zai same ni baɗi, na rubuta masa a bayan katina.