Sabon yaɓe a kan tsohon gini: komawa Tomb Raider bayan shekaru

A cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun makaranta a gidanmu na Garwa akwai faifai uku na PlayStation ta farko, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke aiki yanzu. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu sun cinye su, na'urar da ke karanta su ma ta daɗe da mutuwa, bayan ta yi shekarunta na ƙarshe a kife, domin a lokacin mun gano cewa idan aka juya ta baya ya koma sama idonta yakan ɗan kama faifan. Ɗaya daga cikin faifan nan shi ne wasan bidiyo na Tomb Raider na 1996, wanda wani ɗan'uwanmu ya zo da shi daga Faransa, muka kwashe damina guda muna karɓa-karɓa a kansa, manet ɗaya, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan, tsakanin yara biyar.

Saboda haka da kamfanin Aspyr ya fitar da Tomb Raider I-III Remastered a ranar 14 ga Fabrairu 2024, na saye shi da ɗoki da kuma fargaba. Tarin ya haɗa wasannin 1996 da 1997 da 1998, waɗanda kamfanin Core Design ya gina a garin Derby na Ingila, tare da ƙarin matakan da a da sai masu kwamfuta kaɗai suka san su, kuma yana gudana a kan PS4 da PS5 da Xbox da Switch da kwamfuta. Abin da na ji tsoro shi ne a ba ni wani abu daban da tsohon suna.

Masu wannan sana'a sun bambanta aiki iri biyu, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa zai gane bambancin nan take. Akwai magidancin da idan damina ta ƙarato sai ya kwaɓa ƙasa ya yi wa katangarsa sabon yaɓe, ya toshe tsaga, ya gyara indararo, amma zaure yana inda kakansa ya ajiye shi, ɗakuna kuma ba su motsa ba. Akwai kuma wanda ke rushe gidan gaba ɗaya ya ɗora na siminti a filin. Na biyun shi ne irin abin da Bluepoint Games suka yi wa Shadow of the Colossus a 2018, inda suka sake zana komai daga tushe, kuma aiki ne mai kyau a wurinsa. Na farkon shi ne abin da nake magana a kai, kuma a ganina ma'auninsa ɗaya ne: shin tsohon ginin yana nan a ƙarƙashin yaɓen, ko kuwa an taɓa shi ba a gaya wa masu gida ba?

A tarin Tomb Raider amsar tana ƙarƙashin babban yatsa. Akwai maɓalli guda wanda da zarar ka danna shi, ko Lara Croft, jarumar wasan, tana tsakiyar tsalle, hoton yakan koma yadda yake a 1996, da duwatsu masu kusurwa da fuska mai faɗi, ka sake dannawa ya dawo sabo. Wannan yana yiwuwa ne saboda tsohon wasan ne ke gudana a ƙasa, sabon hoto kawai aka shimfiɗa masa. Na fi awa guda a matakin farko na ƙasar Peru ba na yin komai sai danna wannan maɓalli ina kallon bango, domin ya nuna mini wani abu da ban sani ba game da kaina: kogon da nake tunawa, mai gansakuka da hasken da ke ratsowa ta tsaga, ya fi kama da sabon hoton fiye da tsohon. Ashe tun muna yara idanunmu ne ke ƙarasa abin da na'urar ta kasa zanawa.

Ba ko'ina ne sabon ya fi ba. A kwarin da ƙaton dabban nan na zamanin da, wato T-Rex, yake fitowa, tsohuwar na'urar ba ta da ƙarfin zana abin da ke nesa, sai aka rufe nesan da baƙin duhu, ƙasa ta fara girgiza kafin ka ga abin da ke zuwa. Ranar da muka fara isa wurin, ƙaramin cikinmu ya saki manet ya fita waje da gudu. A sabon hoton an buɗe wa kwarin sama, wurin ya yi kyau ƙwarai, amma rabin tsoron ya tafi tare da duhun. A wasu ɗakunan kuma akasin haka ne ya faru, sabon hasken ya yi ƙasa har ƙaramin mabuɗin da ke yashe a ƙasa ya ɓace wa ido, sai na koma tsohon hoto kafin in gan shi.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne yadda ake sarrafa Lara. Duniyar waɗannan wasanni an gina ta ne da tubala masu girma ɗaya, kuma kowane motsi an auna shi da tubalin. Idan ka riƙe maɓallin tafiya a hankali ba za ta taɓa faɗawa daga bakin rami ba. Idan ka kai bakin, ka ja da baya taku ɗaya, ka ruga ka danna tsalle, za ta tashi daidai a gefen ta kama wancan ɓangaren, yau da gobe da jibi, ba tare da sa'a ta shiga ciki ba. Mutane da yawa suna kiran wannan tsari mai nauyi, domin danna hagu ko dama juya jikinta yake yi a inda take tsaye, kamar mai tuƙa babbar mota a lungu. Masu tarin sun ƙara sabon tsari irin na wasannin yau, suka bar tsohon a matsayin zaɓi. Na gwada sabon kwana biyu, na ga cewa yana da daɗi a fili da wajen harbi, amma a wuri kamar St. Francis' Folly, doguwar hasumiyar nan ta Girka da kuskure ɗaya ke kai ka ƙasa, yana raba ka da ƙidayar da aka gina wurin a kanta. Wanda ya koyi tsohon tsari yakan dubi rami ya san amsarsa kafin ya motsa, kuma wannan natsuwar ita ce daɗin wasan.

Sauyi ɗaya na karɓa hannu bibbiyu. A wasan 1996 na PlayStation ta farko ba a ajiye ci gaba a tsakiyar mataki sai an isa wani shuɗin lu'ulu'u, katin ajiyar kuma gurbi 15 kawai gare shi, wanda muke rabawa da rigima. Yanzu ana ajiyewa a ko'ina, kamar yadda masu kwamfuta suke yi tun asali. Wanda ke zaune inda wuta kan ɗauke ba sallama ya san darajar wannan fiye da kowa.

Na ambaci fargaba a baya, kuma tana da dalili. A Nuwamba 2021 an fitar da sabunta wasannin Grand Theft Auto guda uku, aka kuma janye na asalin daga shagunan intanet kafin fitowarsu. Sabbin suka zo da fuskoki a karkace, da ruwan sama mai rufe ido, da waƙoƙin da suka ɓace daga rediyon mota, har Rockstar, kamfanin da ke da wasannin, ya fito ya nemi afuwa, ya yi alkawarin mayar da tsofaffin ga masu kwamfuta. Abin da ya sa wannan ya wuce ƙorafin masu wasa shi ne binciken da Video Game History Foundation, wata ƙungiya mai adana tarihin wasannin bidiyo, ta fitar a 2023, wanda ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Idan haka lamarin yake a can, to a nan, inda faifai ba ya jure shekara goma, sabuntawar ita ce kaɗai sigar da yaranmu za su sani, kuma duk abin da aka sauya a ɓoye ya zama tarihi a wurinsu.

Shi ya sa na yaba da yadda aka bi da abin da ke da muni a cikin tsofaffin wasannin. Crystal Dynamics, masu riƙe da Tomb Raider a yau, sun sa gargaɗi a farkon tarin cewa akwai wuraren da aka siffanta wasu al'ummu da ƙabilu ta hanyar wulaƙanci, kuma sun zaɓi su bar su yadda suke maimakon su goge. Mutanen tsibiran Fasifik a wasa na uku, waɗanda aka nuna a matsayin masu cin naman mutane, su ne misalin da ya fi fitowa fili. Ni ma da na girma na fara kallon labarin kansa da wani ido, labarin 'yar masu kuɗi daga Ingila da ke shiga kaburburan wasu ta kwaso abin da ke ciki, alhali gadon sarautar Sarki Njoya na Fumban a Kamaru yana birnin Balin na Jamus tun 1908. Gara ɗan 'yar'uwata ya ga abin yadda aka yi shi, ya tambaye ni, mu tattauna.

Shi ne ma ke riƙe da manet yawancin yammacin Juma'a yanzu. Shekarunsa goma sha biyu, ya saba da ƙwallon ƙafa da wasannin waya, kuma a ranar farko ya ce, "Kawu, wannan matar ba ta jin magana." Na mayar masa da tsohon tsari, na nuna masa taku ɗaya baya sannan gudu, na bar shi. Makon jiya na dawo daga masallaci na tarar da shi a Venis, a wasa na biyu, yana tsaye a bakin wata taga yana ƙidaya tubala da yatsa a kan gilashin talabijin. Ya riga ya ji cewa tarin na biyu, wanda ya fito a Fabrairu 2025, yana ɗauke da The Last Revelation na 1999 wanda kusan dukkansa a Masar yake, kuma mun yi yarjejeniya cewa sai ya gama na uku da hannunsa kafin in sayo.